Musayar waƙa: Anton Ulrik na Wolfenbutel da gidansa

Ɗan Kurmi (Talata)

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau baƙo na kawo muku daga nesa: Anton Ulrik, basaraken Wolfenbutel a ƙasar Jamus, wanda aka haifa a 1633 ya rasu a 1714. Na zaɓe shi ne don shi ma ɗan sana'armu ne, ya rubuta waƙoƙin coci da manyan littattafan hikaya alhali yana riƙe da ƙasa. Ga nawa, ƙwar biyu a karin aruli na Mutaƙarab:

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ta sarkin Jamus wanda ilmi ya ɗauka.

Ubansa Agusta ya tara littattafai,
Da hannunsa ya fara jera sunayensu duka.

Ɗan ya tashi ya gina musu soro,
Mai zagayayyen rufi, haske na sauka.

Ya kira Leibniz ya miƙa makulli,
Ya ce masani, ga taska ta zama taka.

Gidan Welf shi ne da reshen fari,
Na Hanoba ƙanne, daga baya aka shuka.

Ga wanda bai sani ba: lokacin da uban ya rasu a 1666 ya bar kundi wajen 35,000, kuma ɗakin karatun yana nan har gobe. Leibniz, masanin falsafa da lissafi, ya riƙe shi daga 1691 har ƙarshen rayuwarsa. Mai ƙarfin hali ya amsa.

Bazazzagiya

Wa alaikumus salam, taubashi. Ga ni.

Ɗan Kurmi dillali, sarkin yabawa,
Ka ga haja ba ka tsaya juyawa.

Leibniz da kake jingina wa gwaninka,
Na Hanoba ne, ya zo yana komawa.

Da ƙanne suka shiga masu zaɓen sarki,
Hassada ta ci shi har ya kasa haɗiyewa.

Ya karɓi kuɗin Faransa ya tara soja,
Da nasa dangi ya ɗaura ɗamarar karawa.

Cikin dare aka watsa masa rundunar,
Sai Gotha ya nufa, babu waiwayawa.

A 1692 aka ba Hanoba kujerar zaɓen sarkin sarakuna, wato babban sarkin da ke kan sarakunan Jamus. A 1702 sojojin Hanoba da na Celle suka afka wa ƙasarsa da dare, sarkin sarakuna kuma ya tuɓe shi. Me ya sa ba ka sa wannan a baiti ba?

Na-Damagaram

Kai! Kai! Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wallahi tun da aka buɗe zauren nan ban ga an kwance wa mutum rawani da baiti biyar kamar haka ba. Mutanen Kano ku zo ku ɗauki naku.

Ɗan Kurmi

Na-Damagaram, kai kullum tafi ne naka, yaushe rabonka da ɗango ko ɗaya? Ke kuma saurara:

Bazazzagiya, taubashiya, sassauta,
Wanda ya faɗi ya miƙe shi ya san sarauta.

Ya je Gotha ya dawo da rawaninsa,
Yayansa ya rasu, ƙasar duk ya gaje ta.

Jikarsa Elizabet ta shiga gidan Habsburg,
Biyana kaf ta rusuna a gabanta.

Ita ce ta haifi Mariya Tereza,
Wadda Turai ba mai jahiltar sunanta.

Ɗaya jikar gidan Bitrus na Rasha ta tafi,
Ɗanta ya hau gado, ki je ki karanta.

Tun 1685 yake mulki tare da yayansa Rudolf Agusta, daga 1704 ya zama shi kaɗai. Ƙaramar ƙasa ce wadda ba ta kai a kira ta daula ba, amma mutumin nan ya sa jininsa a manyan gadaje biyu na Turai. Idan wannan ba dabara ba ce, ki faɗa min sunanta.

Bazazzagiya

Sunanta ciniki.

Yarinya 'yar sha biyar aka tasa a gaba,
Aka ce bar ɗariƙarki ko ba ki so ba.

Ta ƙi, ta turje, kaka ya matsa lamba,
Don kambin Biyana bai tausaya mata ba.

Shi ma da furfura ya bi ta Katolika,
Bayan waƙoƙin Luther bai gama rerawa ba.

Ta Rasha kuwa, Sharlot, ka ɓoye ƙarshenta,
Mijin da aka ba ta bai riƙe ta da daraja ba.

Ta haihu, ta cika kwanaki kaɗan baya,
Ba ta ga ɗan nan a kan gado ba.

Elizabet ta sauya ɗariƙa a Bamberg a 1707, aka yi auren a 1708. Sharlot an aurar da ita ga Aleksi ɗan Bitrus a 1711, ta rasu a 1715 tana da shekara 21. Ni abin yana ci min rai ƙwarai, domin 'yan matan nan su suka biya kuɗin ɗaukakar da kake wa tsohon kirari da ita.

Ɗan Kurmi

Ki yi adalci dai. Da ya bayyana komawarsa Katolika a 1710, ya ba talakawansa tabbacin ba wanda za a taɓa wa ɗariƙarsa, kuma ba a taɓa ba. A ƙasar da aka yi shekara 30 ana zubar da jini a kan wannan magana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baiti na zuwa.

Malam Mai Aruli (Laraba)

Kafin baitin ya zo, ɗana, dakata. Tun jiya nake kallo ina danne zuciyata. Kai ka ce da bakinka Mutaƙarab ka hau. Ɗangon farko lafiya lau ne, ƙafa huɗu cif: da-su-nan, I-la-hi, na-ke-fa, ra-wa-ƙa. Amma a na biyu ka sa "Jamus" a farkon ƙafa ta biyu, inda ake buƙatar gaɓa marar nauyi, alhali "Ja" doguwa ce. Daga baiti na biyu kuwa ka sauka daga karin gaba ɗaya. Sannan ka buɗe da "ƙa" ka ci gaba da "ka". Waɗannan baƙaƙe biyu ne, ba ɗaya ba.

Ke ma 'yata ba ki tsira ba. Ɗangonki na farko gaɓa 11 ne, na hassada kuwa 14.

Ɗan Kurmi

Allah gafarta Malam, ai akwai zihafi.

Malam Mai Aruli

Zihafi yana da ƙa'ida. A Mutaƙarab yana ba ka dama ka sassauta gaɓar ƙarshen ƙafa, bai ba ka dama ka nauyaya ta farko ba. Ba rigar rufe kowane karaya ba ce.

Na-Damagaram

Malam, a kan Ɗan Kurmi gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Amma Hajiya ba ta ce ta hau wani kari ba, don haka ba ta da laifi. Wanda ya yi alkawari shi ake bi bashi.

Bazazzagiya

Baba Malam, da girmanka, ni kunne nake bi. Makaɗan fada da suka cika ƙasar nan da waƙa, wa ya ga suna ƙirga gaɓa da yatsa? Na rera ɗangon hassadar nan a bakina ya zauna daram.

Malam Mai Aruli

Makaɗi yana da ganga, 'yata, ita ke riƙe masa awo. Ke a rubuce kika kawo. Wanda ya karanta a Maraɗi bai ji muryarki ba, abin da ke takarda shi kaɗai ya gani. Malamanmu da suka yi waƙa da ajami ba don rashin kunne suka koyi aruli ba.

Ɗan Kurmi

To Malam, ka gaya min yadda zan sa Wolfenbutel da Habsburg a cikin Mutaƙarab ba tare da ƙafa ta gurɗe ba.

Malam Mai Aruli

Wa ya aike ka Jamus?

Na-Damagaram

Allahu Akbar! Malam ya gama da shi da kalma biyar.

Mai Kula da Zaure

Jama'a, saƙo goma ke nan babu baiti ko ɗaya. Mai son muhawarar aruli ya buɗe mata nata shafi. A koma waƙa, don Allah.

'Yar Zango (Juma'a)

Ku gafarce ni, sai yau na samu shiga. Daga zangon Takoradi nake gaishe ku. Na karanta tun daga sama, na ga duk kun tsallake wanda ya fi damuna a fadar nan.

Kuna ta awon gaɓa da ƙirgen jikoki,
Akwai yaro a fadar nan, kun manta da shi.

Daga Aksim, nan gaɓar tekunmu ta Gana,
Jirgin mutanen Holan ne ya ɗauke shi.

Aka kai shi Salzdalum aka yi masa baftisma,
Sunan sarki da na ɗansa aka ɗora mishi.

Anton na tsohon ne, Wilhelm na yarima,
Amo ne na gida, kuma da shi muke kiran shi.

Baftismar a 1708 aka yi ta, a ɗakin ibadar fadar. Aksim ba ta da nisa da mu, hanya ɗaya ce ta bakin teku.

Ɗan Kurmi

Madalla da ke, 'yar uwa! Kin kawo min shaida ba tare da na nema ba.

'Yar Zango kin zo da hujja a hannu,
Gidan gwanina ne ya raini yaron naku.

Ya tashi cikin littattafai dubbai,
Ya zama malami, abin alfaharinku.

Da wani gida ne da sai dai ɗaukar tire,
Nan kuwa alƙalami aka ba ɗanku.

'Yar Zango

Yaya, ban kawo maka shaida ba, ƙara na kawo. Lissafa da kanka. Tsohon ya rasu a 1714 Amo yana yaro. Jami'ar Halle sai a 1727 ya shige ta, gwaninka ya shekara 13 a kabari, ɗansa ne a kan gado. Kafin nan hidima yake yi a fada. A 1729 ya tsaya gaban malamai ya yi muhawara a kan haƙƙin baƙar fata a Turai. A 1734 ya samu digirin dakta a Wittenberg, ya koyar a Halle da Jena, a 1747 ya dawo ƙasarsa.

Kar ka ɗauki gumin yaro ka shafa wa sarki,
Karatun nasa ne, shi ya kwana a kai.

Wanda aka raba da uwa tun yana ƙarami,
Ba a ce masa ya gode don an ba shi ɗaki da kai.

Ya koyi Latin ya tsaya gaban malamansu,
Ya tambaye su haƙƙinmu, bai sunkuyar da kai.

Da daɗi ya ishe shi a can da bai dawo ba,
Ya tattara ya nufo gida, can ya aje kai.

Bazazzagiya

'Yar uwa, sannu. Baitinki na uku ya sa tsigar jikina ta tashi. Bari in ƙara miki da labarin fadar da aka yi baftismar a ciki:

Salzdalum da ya gina don ya yi kama da Faransa,
Katako ne a ciki, aka shafe shi kamar dutse.

Daga nesa ka rantse ginin har abada ne,
Damshi na cin ginshiƙi, fenti ya rufe a ɓoye.

Ba ta yi ƙarko ba, a 1813 aka rushe ta.

Malam Mai Aruli

'Yar Zango, maimaita "kai" sau huɗu a amsa-amo rauni ne, baiti na biyu ma an jawo shi da ƙarfi. Amma ma'anarki ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ke kuma Bazazzagiya, "tse" da "ye" ba su haɗu ba. Tun da an ce a yi baiti, ga nawa, duk mai so ya auna:

Ina gaida yaron da yaz zo a jirgi,
Ya zauna a fada ya zarce su ilmi.

Idan za ka waƙa ka auna gaɓoɓi,
Awo ne adon baituka, kai na Kurmi.

Na-Damagaram

Tabarakallah! Ga waƙa. Ni ma yau zan taɓa, tun da an ce tafi kaɗai na iya:

Ɗan Kurmi an taru a kanka,
Hajiya da 'Yar Zango da Malam duk sun kama ka,
Ka bar sarkin Jamus ka koma rumfarka.

Ɗan Kurmi

Na-Damagaram, ɗangonka na tsakiya ya fi sauran biyun tsawo har Malam ba ya buƙatar yatsa. 'Yar Zango, lissafin shekarunki daidai ne, amma gidan da ya biya kuɗin karatun ai gidan ne dai. Ban janye ba.

Bazazzagiya (Asabar)

Tun da gidan kake riƙe da shi, mu je ƙarshen gidan.

Ya cika da bazara, shekara tamanin a duniya,
Kafin kaka ɗan Hanoba ya hau gadon Ingila.

Ɗansa na fari a gado ya tafi ba magaji,
Na biyu 'ya'ya mata kaɗai ya bari a fila.

Sarautar da ya yi wa faɗa da dangi,
Ta koma ɗakin ƙaninsa, ba gardama ba wahala.

Ya rasu a Maris 1714, a Agustan shekarar Joji na Hanoba ya zama sarkin Ingila. Agusta Wilhelm ya rasu a 1731 ba ɗa, Ludwig Rudolf ya bi shi a 1735 ba ɗa namiji, sarauta ta koma reshen Bevern.

Malam Mai Aruli

Mene ne "fila"?

Bazazzagiya

Fili ne, Baba Malam, amsa-amo ya lanƙwasa shi.

Malam Mai Aruli

Inna lillahi.

Ɗan Kurmi

Taubashiya, kin tsaya a tsakiyar labari. Wa ɗan Bevern ɗin yake aure?

Kin ce sarauta ta fita ɗakin gwanina,
Ki duba matar wanda ya hau, ki faɗa mana.

Antonet Amali, jikar tsohon ce ta uku,
'Ya'yanta suka gaji ƙasar, ga amsar tambayata da taki duka a nan na ajiye muku sai ku auna.

Na san ɗangon ƙarshe ya zarce, Malam, sauri nake ana kiran la'asar.

Bazazzagiya

To, a nan ma jika mace ce ta riƙe masa gidan, ta uku ke nan. Je ka yi sallarka, ina nan ina shirya maka ƙwar biyar a kan su ukun.