Taga ta buɗe amma NVDA ya yi shiru: ta yaya ake kai fokas ciki?

Na Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani shafin rajista da ɗalibai makafi ke cikawa da NVDA, manhajar da ke karanto musu abin da ke kan allo, a kan Firefox. Idan an danna "Valider", sai ƙaramar taga ta fito a tsakiyar allo tana neman a tabbatar. Mai ido yana ganinta sarai, amma NVDA ba ya cewa uffan, Tab kuma sai ya ci gaba da yawo cikin guraben da ke bayan tagar. Shafin ba namu ba ne. Za a iya rubuta wa NVDA umarni ya riƙa faɗawa cikin tagar da kansa?

Malam na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Laifin ba na NVDA ba ne. Shi fokas yake bi, wato wurin da madannai ke aiki a kansa, mai shafin kuwa ya zana taga bai kai fokas cikinta ba. Kafin a rubuta komai, ɗalibi ya danna Ctrl+End yana cikin "mode navigation", wato yanayin da NVDA ke karanta shafi da kibiyoyi, sannan ya hau da kibiya. Yawancin irin waɗannan tagogi a ƙarshen shafi ake liƙa su, zai same ta can.

Gyaran dindindin kuma, ni dai a burauza zan yi shi. Ka sa Tampermonkey ko Violentmonkey, ƙarin burauza masu gudanar da sikirif ɗinka a kan shafi, ka buɗe sabon sikirif, a layin @match ka rubuta adireshin shafin kaɗai don kada ya taɓa sauran shafuka. Danna F12 ka gano class ko id na tagar. Daga nan ka ɗora MutationObserver, mai sa ido kan duk canjin da ya faru a shafi, a kan document.body da childList da subtree. Da zarar tagar ta bayyana, ka ba ta role="dialog" da aria-modal="true", ka haɗa aria-labelledby da kanun tagar don a karanto sunanta, ka sa tabindex="-1", sannan ka kira focus(). In ba tabindex ɗin nan, div, wato akwatin HTML da aka gina tagar da shi, ba ya karɓar fokas, kuma ba wani kuskure da zai fito ya gaya maka.

Abu biyu ke kayar da mutane. Wasu shafukan tagar tana nan tun farko a ɓoye da display:none, class kawai ake canja mata. A nan sai ka ƙara attributes cikin abin da ake sa wa ido, don focus() ba ya kama ɓoyayyen abu. Na biyu, ka yi wa tagar alama bayan karon farko. In ba haka ba duk motsin da shafi ya yi sikirif zai sake fizgo fokas, ɗalibi yana tsakiyar rubutu a dawo da shi baya.

Kada kuma ka yi dabarar "jira daƙiƙa ɗaya sannan ka kai fokas". Kowa ya san yadda rezo yake a Maradi da yamma: tagar za ta zo bayan umarnin ya riga ya wuce.

Hajiya Mokoyo:
Malam ya faɗi gaskiya, amma tunda NVDA aka tambaya bari in ba da tasa hanyar. Da Python ake rubuta masa. A saitin ci gaba akwai akwatin da ke kunna jakar scratchpad, inda ake ajiye umarnin da mutum ya rubuta da kansa. Cikinta za ka ga appModules da globalPlugins. Fayil ɗin appModules sunan manhaja yake bi, firefox ko chrome, ba sunan shafi ba, don haka sai ka duba adireshi da kanka cikin umarnin. NVDA+F1 zai zubo maka bayanin abin da kake kai, NVDA+Ctrl+Z ya buɗe wurin gwada Python, NVDA+Ctrl+F3 kuma ya sake loda abin da ka rubuta ba sai ka kashe shi ba.

Shawarata, ka ɗaura aikin a kan wani maɓallin madannai da @script, ɗalibi na dannawa sikirif ya nemo maɓallin farko na cikin tagar ya kira setFocus() a kansa. Kan maɓalli fa, ba kan div ɗin ba, don abin da shafi bai ba izinin fokas ba NVDA ba zai tilasta masa ba. Idan ka taɓa event_gainFocus kuma, kada ka manta nextHandler() a ƙarshe. Mantuwar layin nan ɗaya tana sa NVDA ya daina sanar da inda fokas ya koma a duk manhajar.

Ɗan Ali Ɗan Sofo:
Yaya, ba a yi maganar fita ba. Kafin fokas ya shiga taga ka ajiye document.activeElement, wato abin da ke riƙe da fokas a lokacin, tagar na rufewa ka mayar da shi kan "Valider". In an goge abin da ke riƙe da fokas, yakan koma body, ɗalibi ya rasa inda yake cikin dogon shafi. Bayan tagar kuma ka sa masa inert don Tab ya daina zuwa can, amma ka lura kada ka sa wa abin da tagar kanta ke cikinsa, za ka kulle ta ita ma. Saƙon "an yi nasara" ba ya buƙatar fokas, role="status" ya isa a karanto shi, muddin gurbin yana nan kafin rubutun ya shigo.

In ka samu masu shafin, ka ce su yi amfani da dialog na HTML da showModal(). Shigar da fokas, kulle baya, rufewa da Échap, duk burauza ke yi.

Na Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To masu cikawa da salula fa?

Malam na Sabon Gari:
TalkBack, mai karanto allo na Android, ba shi da ƙofar sikirif irin ta NVDA. Amma Firefox na Android yana karɓar Tampermonkey, sai ka kwafe wancan sikirif ɗin can. Ka gwada da shafa allo dama da hagu, don a salula class ɗin tagar yakan bambanta da na kwamfuta.