Wuta Ta Tashi a Masaƙa: Musayar Baitoci a Goman Ƙarshe

Mai Kwarashi, daga ƙasar Jahun

Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an sha ruwa lafiya. Yau azumi 24, kuma abin da ya same ni ya fi ƙarfin zance, sai waƙa. Ƙa'idarmu tana nan: mai amsawa ya amsa da baiti.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Mai ba wa yatsu ikon murzawa,
'Yan zaure ku ba ni kunnen saurarawa,
Yau kukana na mai da shi waƙa.

Sati biyu ban yi barcin kirki ba,
In an yi sahur ban koma shimfiɗa ba,
Ko tashen yara ban fita na gani ba,
Ina kan tabarma ina ta saƙa.

Shawul fari aka ba ni kwangila,
Da safa biyu da 'yar ƙaramar hula,
Mai shi ta ce lallai kafin Sallah,
Ta ba da rabin kuɗi, babu shakka.

Ƙulli shida na ulu aka sayo,
Daga birni direban garinmu ya kawo,
Kuɗin motarsa ma sai da na ranto,
Na ɗaura zare na fara da sarƙa.

Jiya da dare na kai ga baki,
Saura geza kaɗai in gama aiki,
Na naɗe shi a kwando a ƙuryar ɗaki,
Na bi mata tahajjud, dare ya yi tsaka.

Da asuba na ji kuka ƙasa-ƙasa,
Kamar na 'yan tsaki daga nesa,
Na haska fitila, ga faifan kwando a ƙasa,
Na durƙusa a hankali na leƙa.

Mage ce kwance ta miƙe ƙafa,
'Ya'ya huɗu, ɗaya a cikin safa,
Farin shawul ya zama katifa,
Jini da ruwa sun ɓata shi duka.

Ta ɗago kai ta lumshe ido,
Kamar ita ta biya kuɗin kwando,
Ni ko na daskare kamar na ga dodo,
Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Taubashinki Mai Tattabaru, bayan gidanku

Wallahi sai da kunun tsamiya ya sarƙe ni don dariya.

Barka da jikoki, taubashiyata,
Ki faɗa mana ranar da za a yi suna.
Kin ce mini taki kyanwar Lami ce,
Ba cizo, ba yakushi, ba ɓarna.
To ga Lami ta yi miki saƙa,
Da mugun zare, cikin dare ba da rana.
Bara uban 'ya'yan nan, baƙin muzuru,
Ya cinye 'yan shila biyu a gidana.
Na kawo ƙara kika tuntsire da dariya,
Kika ce in je in yi haƙuri in kwana.
Yau ga shi reshe ya juye da mujiya,
Haƙurin da kika dafa mini, ki ɗiba ki tauna.

Mai Kwarashi

Yi shiru bawana, kar ka cika ni,
Tattabarunka sau nawa suka cuce ni?
Na shanya farar hula a kan igiya,
Suka yi mata zane da kashi, ba kunya.
Muzuru ai bashi ya je ya karɓo,
Na sabulun da kullum sai na sayo.

Malamin Allo, Ringim

Ku sassauta wa juna, azumi ake yi. Ga nawa.

'Yata, kar fushi ya ɗebe ki,
Ki kore ta, ko ki hana ta abincinta.
Hadisi ya zo a kan wata mace,
Da ta tsare mage har yunwa ta kashe ta.
Ba ta ciyar ba, ba ta sake ta ta nema ba,
Wuta ta shiga, shi ne sakamakonta.
Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo,
Mage ba najasa ba ce, haka sauran ruwanta.
Ba baƙuwa ba ce a ɗakin Musulmi,
Cikin masu kai-kawo a gida aka lissafa ta.
Abu Huraira ma daga nan laƙabin ya fito,
'Yar kyanwa gare shi yana yawo da ita.
Sai dai jinin, shi kam a wanke shi tas,
A nan ba a yi sassauci ba, 'yata.

Gwaggon Yara, Kazaure

Allah gafarta Malam ya faɗi na littafi, saura na masu sana'a. Matso nan 'yar nan.

Jiƙa shi a ruwan randa, ban da mai zafi,
Zafi ke sa jini ya kama da ƙarfi,
Ɗan sabulu kaɗan, ki matsa da tafi,
In kin murɗe ya saki, ke ce da laifi.

Kar ki rataye shi, nauyin ruwa zai ja shi,
Shimfiɗa shi a inuwa iska ta sha shi,
Ulun kasuwa yawanci roba ne, ki gane shi,
Narkewa yake, kar ki kai shi gun garwashi.

Sa wa guntu ashana ki ga zahiri,
Na roba kan dunƙule ya yi tauri,
Na gashin tumaki kuwa sai ƙauri,
Kamar babbakar kan rago, ya zama toka da sauri.

Ni abin da ke ba ni tausayinku, masu saƙar yanzu, Sallah ta tsere muku cikin zafi. A shekarar 2000 sau biyu muka yi ƙaramar Sallah, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, duka a tsakiyar hunturu. Wata kan ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, sai ya yi wajen shekara 33 ya kewayo inda ya baro. In da rai, azumin 2030 cikin Janairu zai kama.

A 2000 ɗin nan kibiya ba ta huta ba,
Ba yaron da ya je idi bai sa suwaita ba,
Hazo ya sauka, rana ba ta fito ba,
Hular sanyi kuwa ba a tsaya ciniki ba.

Da ribar na sayi tunkiya a Dambatta,
Ran Lahadi, na jawo ta da igiyarta,
Jikokinta suka yi kayan ɗakin 'yata,
Ulu ya yi wannan, ku ji ni mata.

Yanzu sai kayan jarirai da jaka,
Wa zai sa suwaita rana na duka?
Ni dai kibiyata na nan cikin adaka,
Sallah na komawa hunturu, ba shakka.

Autan Zaure, ɗalibin lafiyar dabbobi

Ina gaida iyayena. Kowa na ta shawul, ni hankalina na kan mai jegon.

Yaya, ni tsorona guntun zare ne,
Wanda kike yankewa ki yar a ƙasa.
Harshen mage akwai ƙayoyi a kai,
Sun karkata ciki, maƙoshi suka dosa.
In zare ya hau, tofarwa sai ta gagara,
Sai haɗiya, tun tana ɗaukarsa wasa.
Baki ɗaya ya naɗe a ƙarƙashin harshe,
Sauran ya tattare hanji har ya fasa.
In kin ga amai, ta ƙi kallon abinci,
Ko zare ya leƙo ta baya, kar ki ja ko kusa.
Likitan dabbobi za a kai wa ita,
Ja da hannu na iya sa a rasa.
'Ya'yan kuwa, sati zuwa kwana goma,
Za su buɗe ido su san sama da ƙasa.
Nan da wata guda ɗakinki ya zama fage,
Nemi bokiti mai murfi tun kafin su tasa.

Mai Kwarashi

Azumi 26. Na gode muku duka, ban da mutum ɗaya, ya san kansa.

Malam, ban kore ta ba, ban zage ta ba,
Kan kifin buɗa-baki ma ban hana ta ba,
Tsumma na shimfiɗa mata, ba ta ƙi ba,
Na zare shawul a hankali tana ta kuka.

Gwaggo, na jiƙa, na matsa, na shanya,
Jini ya fita, saura inuwarsa a tsakiya,
Rawaya-rawaya kamar tabon miya,
Mai ido ɗaya ma zai gani in ya leƙa.

Daga tsakiya na faro shi, ku gane,
Warwara kuwa daga baki ake ja ne,
Kafin in kai tabon, duka zan rushe ne,
Sati biyu su bi iska haka.

Na kwana ina saƙa da warwara,
Ta zuci, ba ta ulu ba, neman dabara,
Ko dai in saƙa jan fure in ɗora,
In rufe tabon, mai shi ba ta san harka?

Kakar Jariri

To, allura ta tono garma. 'Yar nan, kin manta ni na sa ki a zauren nan?

Tun daga "shawul fari" na gyara zama,
Na ce wannan kwangila tawa ce, ba ta wani.
Na yi shiru in ga inda za ki ɓulle,
Sai ga jan fure za a manna a rufe ni.
Fure ban ƙi ba, ki sa shi ya yi kyau,
Amma da kin aiko yaro ya sanar da ni.
Jikan nawa ma bai iso ba tukuna,
Uwar na nan da nauyi, addu'a ku taya ni.
Magenki ta riga 'yata sauka lafiya,
Huɗu ba ungozoma, fata ne a gare ni.
Diyyata ɗaya ce, kuma ba ta kuɗi ba,
Ɓeraye sun gama da rumbu, sun ishe ni.
Geron zakkar fidda kai da na auna,
Mudu huɗu-huɗu, sun huda buhun sun raina ni.
In an yaye su, wanda ya kwana a safa,
Shi nake so, ki sa a kawo mini.

Mai Kwarashi

Wayyo Inna, ƙasa ta tsage in shige,
Na yi gulmar kaina a tsakiyar fage,
Ki yafe ni, laifin ba duka na mage,
Na safa naki ne, har da igiya in kin buƙata haka.

Taubashinki Mai Tattabaru

Ɗaya ta samu gida, saura uku jama'a,
Wa zai rufa wa 'yan shilana asiri?
Ni zan biya mota da aljihuna,
Ran Alhamis in kai su kasuwar Maigatari.
In damƙa wa mai raƙumi ya haye Nijar,
Su je can su yi sarautar wani gari.
Ana muzuru ana shaho a unguwar nan,
Wa ya ce a ƙaro mana mayaƙa da wuri?

Mai Kwarashi

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na san kuna jiran ƙarshen labari, to ga shi.

Fure ja na ɗora da koren ganye,
Tabon ya ɓace kamar an shanye,
Inna ta karɓa, fushinta ta janye,
Ta cika min kuɗi har da goron barka.

Mata sun ƙunsa lalle tun shekaranjiya,
Ni hannuna fari fat, ba ado ko ɗaya,
Wa zai ɗaure hannu a leda ya riƙe kibiya?
Kanta ce kawai a yatsa, lallen masu saƙa.

Auta, guntayen zare na share su,
Ƙullin ulu na bokiti, na rufe su,
Biyu cikin 'ya'yan sun fara buɗe idonsu,
Na safan nan ya fi kowa kuka.

Da asubar yau na duba kwando,
Ba uwa ba 'ya'ya, na zaro ido,
Na ce ko taubashina ne ya yi sanɗo,
Na bar cigiya sai an sauko, na ci gaba da harka.

Na yi wanka, jama'a sun cika titi,
Na nufi ɗinkin da na adana tun sati,
Ashe a buɗe na bar akwati,
Ta kwaso su ɗai-ɗai da baki ta saka.

Suna kan atamfa, mayafi ne matashi,
Guga ta tashi, ko'ina gashi,
Na tuna hadisin Malam na haɗiye fushi,
Zanen bara na ɗaura na je idi haka.

Taubashinki Mai Tattabaru

Na hango ki a idi cikin zanen bara,
Na ce wa yara ku gaida Hajiya mai jego.
Tuwon Sallah dai ki aiko mini da wuri,
Kar ki ce shi ma mage ta haihu a kwano.