"Gani ya kori ji": ta dace da hoton ɗigon nan na Carl Sagan kuwa?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Gardama ce ta haɗa ni da wani yayana, na ce bari in kawo ta nan a raba mu. Na saka hoton nan da kumbon Voyager 1 ya ɗauko ranar 14 ga Fabrairu 1990, daga nisan kilomita kusan biliyan 6, inda duniyarmu kacokan ta fito ɗan ɗigo a cikin wani zirin hasken rana. Masanin taurarin nan na Amurka, Carl Sagan, shi ya yi ta naci a hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasarsu, NASA, har aka juya kyamarar baya aka ɗauka, kuma a 1994 ya fitar da littafi a kansa mai suna Pale Blue Dot. A ƙarƙashin hoton na rubuta "gani ya kori ji". Yayana ya ce na ajiye karin maganar inda ba muhallinta ba. Wa ke da gaskiya?

Baba Na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Ɗana, yayanka ya fi ka gaskiya. Ga yadda muka taso muka ji manya suna faɗinta. An yi ta ba ka labarin hawan daushe, dawakai kaza, kwalliya kaza, kana ji kana cewa a ranka ƙarin gishiri ne. Ran da ƙafarka ta kai ka Ƙofar Kudu ka ga abin da idonka, sai ka riƙe baki ka ce gani ya kori ji. Dole labari ya riga ya iso maka, sannan kai da kanka ka je. To kai ina ka je? Hoto aka miƙo maka aka ce wannan ɗigon duniya ce. Da cewa aka yi datti ne a gilashin kyamara, da me za ka musa? Har yanzu cikin ji kake, sai dai jin naka ya zo da hoto.

Mai Shayi: Baba ya gama magana. Auta, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Auta: Amma Baba, in haka ne ai babu wanda zai taɓa faɗinta a kan sararin samaniya, tunda ba mai zuwa can.

Malamar Kimiyya: Baba, a gafarce ni in sa baki. Na yarda da kai a kan yadda ake amfani da ita, amma ni matsalata da karin maganar ta wuce nan. Ko ka je da ƙafarka, ido yana yaudara, kuma Sagan ɗin da Auta ya kawo yana cikin waɗanda suka fi kowa nanata wannan.

Akwai wani attajiri Ba'amurke, Percival Lowell, da ya gina gidan kallon taurari a Flagstaff ta jihar Arizona a 1894. Shekara da shekaru yana zuba ido a na'urar hangen nesa yana kallon duniyar Mars, yana zana dogayen layuka miƙaƙƙu da ya ce yana gani. Ya ce magudanan ruwa ne da wasu halittu masu hankali suka haƙa don janyo ruwa daga ƙanƙarar da ke ƙuryar duniyar tasu. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, da idonsa ya gani, ya rubuta littattafai, jama'a suka ɗauka. Sai kumbon Mariner 4 ya wuce ta gefen Mars a 1965, sannan Mariner 9 ya isa a 1971 ya yi ta zagaya ta yana ɗaukar hoto. Babu haƙaƙƙiyar magudana ko ɗaya. Sagan yana cikin masanan da suka yi aiki a kan hotunan Mariner 9, kuma ya ba da labarin Lowell a cikin shirinsa na talabijin, Cosmos, na 1980. Abin da ya faru shi ne ido yana harhaɗa 'yan tabbai da ba su fito sosai ba ya mayar da su layi, musamman in zuciya tana son ta ga layin. To a nan wa ya kori wa? Gani ne ya kori gani.

Baba Na Ƙofar Mata: 'Yata, wannan ba gani ya yi ba, hange ya yi. Mai Shayi ya riga ya ba da amsarsa.

Malamar Kimiyya: To Baba, ga wadda kowa ke gani ba tare da na'ura ba: Zara matar wata, wato duniyar Venus. Ka fito bayan magariba ka gan ta a yamma, fara tas, sai ka ce wuri ne mai sanyi da ni'ima. Har wasu masana a da sun zaci dausayi ne a ƙarƙashin gajimarenta. Sagan, tun a aikin digirinsa na uku a Jami'ar Chicago a 1960, ya lissafa cewa iskar da ta lulluɓe ta mai kauri ce ƙwarai, tana barin zafin rana ya shiga amma ba ta barinsa ya fita. Da aka aika kumbuna suka auna, sai ga zafin doronta ya haura digiri 450 a ma'aunin Celsius, zafin da ke narkar da dalma. Ido ya ce sanyi, lissafi ya ce wuta, kuma lissafi ne ya ci.

Uwar Biyu: Ni dai ba na son a zo ana ƙaryata karin maganar kakanninmu saboda wani Bature ya rubuta littafi. Hausawan da suka ce gani ya kori ji su ne kuma suka ce biri ya yi kama da mutum. Sun san ido yana ruɗuwa. Kowace karin magana da wurin da take aiki. Kuma mu ma ai mun san darajar ji. Duk shekara mutum nawa ne a cikinmu ke ganin jinjirin watan Ramadan da idonsa? Sanarwa muke jira daga fadar Sarkin Musulmi, mu tashi da azumi. Amma ba kowane ji ake karɓa ba, sai an tantance wanda ya ce ya gani: a ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ta wane ɓangare, shi kansa mutumin kirki ne ko mai wasa ne. Malama, ba wannan ne kuke yi a kimiyyar taku ba?

Malamar Kimiyya: Yaya, kin zo inda nake son a zo. Shi ke nan aikin. A littafinsa The Demon-Haunted World, wanda ya fito shekara guda kafin rasuwarsa, Sagan ya kawo wani misali. Mutum ya ce maka akwai dodo mai aman wuta a garejinsa. Ka je ka duba, ba ka ga komai ba, ya ce ai ba a ganinsa. Ka ce a barbaɗa gari a ƙasa a ga sawunsa, ya ce ai a iska yake shawagi. Ka ce a auna zafin wutar, ya ce wutarsa ba ta da zafi. Ka ce a watsa masa fenti, ya ce ba shi da jikin da fenti zai kama. Duk hanyar da ka kawo ya toshe ta. Tambayar Sagan ita ce, mene ne bambancin wannan dodon da babu dodo kwata-kwata? Maganar da ya fi shahara da ita ma a kan haka take, cewa babbar da'awa sai da babbar hujja. Ba shi ya fara faɗin irinta ba, amma a bakinsa duniya ta haddace ta.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ina bin zancen tun ɗazu, kuma ina ganin an bar wani abu. Mu da muke yabon mutumin nan, me muka samu daga gare shi in ba ji ba? Sana'arsa ke nan, ba da labari. Cosmos kashi 13 ne, an ƙiyasta mutum miliyan 500 sun kalle shi a ƙasashe kusan 60. Cikinsu mutum nawa suka taɓa auna zafin Zara? Ya iya magana, yana da murya, sai aka gaskata shi. Kuma abokan aikinsa da yawa ba su so hakan ba. Jami'ar Harvard da yake koyarwa ta ƙi tabbatar masa da kujera, ya koma Jami'ar Cornell a 1968. A 1992 aka kai sunansa babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka, bai samu ƙuri'un shiga ba. Ba na jin duka hassada ce. Mai yawan fitowa talabijin yakan saba da faɗin abu da ƙarfi fiye da hujjarsa. A 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, ya fito ya ce hayaƙin rijiyoyin man Kuwait in aka cinna musu wuta zai iya hawa sama sosai ya tare rana har ya ɓata noma a kudancin Asiya. An cinna wutar, an yi ɓarna mai yawa a yankin, amma hayaƙin bai kai inda ya ce ba.

Mai Shayi: Hassada ga mai rabo taki ce dai. Ita majalisar ba ita ce ta dawo ta ba shi babbar lambar yabonta ta hidimar jama'a a 1994 ba?

Ɗan Damagaram: Ita ce, amma lambar ta wayar da kan jama'a ce, kujerar dai ba su ba shi ba har ya rasu a Disamban 1996.

Malamar Kimiyya: Malam, maganar Kuwait gaskiya ce, kuma shi da kansa ya rubuta a littafin dodon nan cewa hasashensa bai tabbata ba. Amma batun cewa surutu kawai ya iya, ban yarda ba. Aikin Zara nasa ne. Shi da abokin aikinsa James Pollack suka nuna cewa sauyin launin da ake gani a Mars lokaci-lokaci ƙura ce da iska ke kwasa, ba tsirrai ba ne kamar yadda wasu suka zata. Littafinsa The Dragons of Eden kuma ya ci kyautar Pulitzer a 1978.

Inda na fi rabuwa da kai shi ne cewa ji kawai ya bar mana. Akwai mai ba ka labari ya ce ka yarda don ni na faɗa, akwai mai ba ka labari ya haɗa maka da hanyar da za ka bi ka duba. Dubi kashin farko na Cosmos. Bai tsaya ga cewa duniya ƙwallo ce ba. Ya kawo labarin Eratosthenes, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Mutumin ya samu labari, wato ji, cewa a garin Syene, Aswan ta yau, akwai ranar da in rana ta take tsaka sanda ba ta yin inuwa, har ana ganin hasken rana a ƙasan rijiya. A irin wannan rana a Iskandariyya kuwa sanda tana da inuwa, ya auna karkatarta ya samu kusan digiri 7. Sagan ya ɗauko kwali mai taswirar Masar da 'yan sanduna biyu a kafe. Kwalin yana shimfiɗe, inuwa biyun daidai suke. Ya lanƙwasa shi, nan take ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Digiri 7 kusan kashi ɗaya ne cikin 50 na da'ira, tsakanin garuruwan kuma kusan kilomita 800, ka ninka sau 50 ka samu 40,000. Kewayen duniya ke nan, da sanda da inuwa. Yaron firamare zai iya maimaitawa.

Baba Na Ƙofar Mata: To wannan kam na karɓa. In Auta ya kafa sandarsa ya auna da hannunsa ya samu abin da aka faɗa masa, ranar yana da ikon ya ce gani ya kori ji, ni ma zan taya shi. Amma a kan hoton ɗigo, ina nan a kan bakana.

Uwar Biyu: Baba, ni kuwa a kan hoton ma sai in yi wa yaron uzuri. Karin maganar ba a kan tabbatarwa kaɗai ake faɗinta ba, har da mamaki. Kowa ya ji malamin makaranta yana cewa duniya ƙarama ce a cikin halittar Allah, ya wuce ta kunne. Ran da ka ga ɗigon nan, ka tuna duk wanda ka sani da wanda ba ka sani ba a kansa yake, jikinka sai ya yi sanyi. Wannan sanyin jikin ji bai taɓa kawo shi ba.

Ɗan Damagaram: Hajiya, ai sanyin jikin ma rubutun Sagan ne ya kawo shi. Ba don bayaninsa ba, hoton nan ko kallo na biyu ba za ki yi masa ba, duniyar ko cikakken ɗigo ɗaya na kyamarar ba ta cika ba. A nan ji ne ya ceci gani.

Uwar Biyu: Ka ji ka kuma. To a bar ta a haka, ni ban sauka ba.

Auta: Na gode iyaye. Anti Malama, gwajin sandar nan zai yiwu a nan ƙasar? Ina Kano.

Malamar Kimiyya: Zai yiwu, har ma ka yi sa'a. Kano da Kalaba kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, tsakaninsu kusan digiri 7 ne, irin na Masar ɗin, nisan kuma a miƙe kusan kilomita 780, ba nisan hanyar mota ba. Ka samo wani a can. Kowannenku ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai lebur, ya tabbatar ta miƙe sak, ya rataya dutse a zare ya gwada. Kada ku bi agogo, tsakar rana ba ƙarfe 12 daidai take ba a Kano, takan kusa kaiwa sha biyu da rabi. Ku riƙa sa alama a bakin inuwar duk minti biyar, inda ta fi gajarta nan za ku auna, rana ɗaya ku duka biyun. Ku yi shi a Disamba ko Janairu, lokacin inuwa biyun duk arewa suke fuskanta, kuma Kalaba ta ɗan huta da ruwa. Ka turo mini tsawon inuwa biyun in nuna maka yadda ake fitar da digirin.

Mai Shayi: Ina da ƙani mai sayar da suya a Kalaba. Sai dai a tsakar rana barci yake yi, kuma kuɗin kati a wuyan Auta.