Tiya biyu gare mu a rumfa, kawuna ya ce kowa haka yake yi

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni barci. Tun rasuwar mahaifina kawuna ya ɗauke ni, shi ya biya mini makaranta har na gama sakandare, yanzu ni ke riƙe masa rumfar hatsi a nan Zuru. Tiya biyu gare mu. Mai zurfin da ita muke saye hannun manoma idan mun fita wajen Ribah da Bena. Ɗayar an bubbuga gindinta ya shigo ciki, da ita muke sayarwa. Ido ba ya raba su sai an juye.

Ran Lahadi aka karanta Kubawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Na ji kamar da ni ake. Washegari wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta, ta ƙirgo kuɗin tiya ɗaya ta dawa, duk sun yamutse. Na auna mata da ƙaramar, ta ce Allah ya yi mini albarka. Hannuna har rawa yake.

Na taɓa yi wa kawu zancen, ya ce kowa haka yake yi, kuma da ribar nan na yi karatu. Mutum ne mai fitar da ushiri, ran godiyar girbi buhu-buhu yake kaiwa. An ce in girmama iyaye, an kuma ce kada in tauye mudu. Wanne zan bi?

Wani dattijon ikilisiya:
Ɗana, umarnan nan ba sa karo da juna. Afisawa 6:1 cewa ta yi a yi wa iyaye biyayya cikin Ubangiji, kada ka tsallake wannan ƙarshen. Da majalisar Yahudawa ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya ce dole a bi Allah fiye da mutum, yana nan a Ayyukan Manzanni 5:29. Batun buhunan godiya kuwa, ka buɗe 1 Sama'ila 15. Sarki Saul ya bar kyawawan tumaki da shanun Amalekawa da rai, alhali Allah ya umarta a hallaka su duka, ya ce hadaya zai yi da su. Sama'ila ya tambaye shi kukan dabbobin da yake ji, sannan ya gaya masa biyayya ta fi hadaya. Sarauta ya rasa a kan haka. Amma ka kula, kawunka uba ne. 1 Timoti 5:1 ta hana a tsauta wa dattijo, roƙonsa ake yi. Kada ka tare shi a kasuwa gaban mutane. Same shi a gida bayan cin tuwon dare, ka durƙusa, ka fara da godiyar riƙon da ya yi maka.

Wata uwa daga Zumuntar Mata:
Baba ya gama magana. Ni tsohuwar nan ce ta tsaya mini a rai. Ɗana, wataƙila jikoki take ciyarwa da tiyar nan. Manoman da kuke saye hannunsu ma, ka san da wace fargaba suke zuwa gona a ƙasar Danko-Wasagu shekarun nan. In ta dawo ka cika mata har da gyara, daga aljihunka. Zakka mai karɓar haraji ninki huɗu ya ce zai mayar.

Wani ɗan kasuwa daga Yauri:
Ku bar ni in faɗi wadda ba ta da daɗi. Zai iya korarka. Ni da na bar awon algus riba ta ragu sosai, sai da na daɗe kafin masu saye su gane su riƙa dawowa, kuma ba zan yi maka alkawarin naka zai zo da sauƙi ba. Ka fara tanadin ɗan jari tun yanzu. Ka kuma je masa da lissafi: tiya ɗaya ta gaskiya, a ɗora ribar a kan farashi a fili, mai saye ya ga abin da yake biya. Dattijo ya fi saurin sauraron wanda ya zo da mafita.

Wata 'yar'uwa daga ƙungiyar matasa:
Ni dai ina ganin kada ka kai wa fasto ƙara tukuna. Matiyu 18:15 ta ce ku biyu kaɗai da farko. In ya ƙi, sai ka nemi wani tsaransa da yake jin kunyarsa.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Mama, Allah ya saka. Yau tun safe da mai zurfin nake sayarwa, ƙaramar na tura ta ƙarƙashin buhunan masara. Kawu ya tafi ƙauye saye, sai Alhamis zai dawo, kuma yana duba ciniki zai ga giɓi. Ran nan da dare zan same shi. Ku sa ni a addu'a, ban taɓa yi masa musu ba tun ina yaro.