Prolactin ya sauka, amma ƙirjina bai koma ba

Assalamu alaikum, likitoci ku taimaka.

Ni namiji ne. Ƙari aka gano min a pituitary (wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadaran jiki), ya ɗaga prolactin (sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa) har nonona ya kumbura. Na sha cabergoline, maganin rage prolactin, gwajin jini ya daidaita, ciwon kai ya tafi. Amma kumburin na nan daram: wani curi mai tauri ƙarƙashin kan nonon, na hagu ya fi girma. Na rage ƙiba, na yi ta ɗaga ƙarfe, sai ma ya ƙara fitowa fili. Wani maganin da na sha, tamoxifen, raɗaɗin nonon kawai ya kashe. Ko ana tsananin zafi, sai na sa matsattsiyar singileti ƙarƙashin riga.

Ya haura shekara yanzu. Akwai maganin da zai narkar da shi, ko tiyata ce kaɗai ta rage?