Ina ake samun hayar tanti mara nauyi da jakunkunan keke a Kano? Za mu Tiga

Malamin Lissafi, Ɗorayi

Assalamu alaikum. Shawara ce ta kawo ni, kuma zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Ni malamin makaranta ne. Mu uku muka ƙulla niyyar idan an yi hutun Disamba za mu hau keke mu je Tiga, mu kwana biyu a hanya. Tsarinmu shi ne mu fita ta Na'ibawa da an sallame asuba, mu haye gadar Tamburawa, mu karya a Kura, mu bi ta Bagauda mu isa bakin dam kafin la'asar. Kusan kilomita 70 ne. Washegari mu zaga ta Rurum mu shiga Rano mu kwana a gindin duwatsun nan, rana ta uku mu biyo ta Bunkure mu dawo gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin leburorin da suka yi aikin dam ɗin a zamanin Audu Bako, kafin a kammala shi a 1974, kuma tun ina yaro nake jin labarin wurin a bakinsa. Na je a mota sau biyu, amma mota wucewa kawai take yi da mutum. So nake in je da ƙarfin ƙafata, in kwana a wurin, gari ya waye mini a bakin ruwan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan kwana. Bara mun gwada zuwa Wudil mu dawo a yini ɗaya. Na goya jakar makaranta, na zuba ruwa lita uku da famfo da tib da abinci. Tun kafin mu juyo kafaɗuna suka mutu, bayan rigata ya jiƙe sharkaf, na yi kwana biyu da ƙyar nake ruku'u. Daga ranar na san kaya a jikin keke ake ɗaura su, ba a gadon baya ba. To kekena irin na hawa tudu ne da na saya gwanjo, ba shi da kariyar ɗora kaya a baya, ba shi ma da ramin noti da za a ɗaura ta.

Na ga yadda masu irin wannan tafiya suke yi a Turai: wata doguwar jaka a ƙarƙashin sirdi, wata mai kusurwa uku a cikin firam, wata kamar gammo a naɗe a gaban kan keke. Tantinsu kuma bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ni ba zan iya sayen waɗannan a kan tafiyar kwana uku ba, albashin ba zai ɗauka ba. Shi ya sa nake neman haya.

Na tambayi masu hayar kanofi da kujeru na unguwarmu, suka ce su rumfar biki suka sani. Na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ranar Asabar, na yi sa'a na ga tanti guda, amma da na ɗaga shi ya fi kilo huɗu, sandunansa na ƙarfe ne, ɗaya ma ta karye an naɗe ta da salatif. Sai wani da na gani a Instagram, ya ce yana bayar da haya daga Abuja, in tura kuɗin haya da kuɗin ajiya gaba ɗaya ya sa mini a mota. Raina bai kwanta ba.

Don Allah wanda ya san inda ake bayarwa a cikin Kano, ko yake da nasa zai ba da haya, ya taimaka. Kuma in an samu, me ya kamata in duba kafin in karɓa?

Baba Mai Faci

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni shekarata sama da talatin ina gyaran keke, ban san komai a kan tanti ba, amma na san kaya a kan keke. Mutanen ƙauye suna ɗora buhun masara a kan Rali su shigo da shi birni, me zai hana naka ya ɗauki bargo da buta?

Kada rashin ramin noti ya dame ka. Ana lanƙwasa 'yar falangen ƙarfe a zagaya firam, a sa guntun tib a ƙarƙashi don kada ya ci fenti, a ɗaure kariyar a jiki. Aikin rabin awa ne. Sai ka yanka tsohon tib tsaye-tsaye ka yi roba, ta fi duk wata igiya riƙe kaya. Abu mai nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya. In ka tula shi a baya can sama, keke zai riƙa kaɗa wutsiya, kuma titin Zariya da tirelolin nan ba wurin da za ka so keke ya yi maka rawa ba ne.

Abin da na fi ji maka shi ne tsidau. Da ka sauka daga kwalta lokacin kaka ya wuce, duk gefen gona shi ne a bushe. Kowa ya riƙe tib biyu, da faci da gam sabo wanda bai daskare ba. In ka yi faci, ka zagaya cikin taya da yatsa a hankali kafin ka mayar da tib, don ƙayar tana nan a maƙale. Ku kawo kekunan a duba birki da sifoki saura mako guda, ba ana gobe tafiya ba.

Ɗan Hotoro

Yaya Malam, ka yi daidai da ba ka tura kuɗin nan ba. Ba na cewa mutumin macuci ne, amma tanti ba abin karɓa a ƙulle cikin buhu ba ne. Ni ma na neme shagon haya a garin nan na gaji, a ƙarshe wani ɗan'uwana ne ya taho mini da nawa daga waje. Abin da muke yi mu 'yan hawan safiyar Lahadi shi ne mu ba juna. Ina da tanti na mutum biyu, bai kai kilo biyu ba, da jakar sirdi mai cin lita 14. A Disamba ba ni da tafiya, zan iya ba ka.

Ko a wurina ko a wurin wani, ga yadda za ka karɓa. A kafa tantin a gabanka, kai da hannunka, har ka iya. Ka ja kowane zif ya je ƙarshe ya dawo sau biyu, don ƙurar hunturu zif take fara kashewa. Ka shiga ciki a rufe ka da rana, duk inda haske ya ɓullo a jikin ragar, nan sauro zai shigo. Kada ka ce ai sanyi ne babu sauro. Daga Kura har Kadawa ruwan Tiga ne yake bin magudanan noman rani, shinkafa da tumatir ko'ina, sauron wurin ba ya hutu. Ka haɗa sandunan ka duba bakin kowace gaɓa ko ta tsage, ka ja robar da ke cikinsu ka ji ko ta saki. Ka ƙirga turakun. Ka shinshina shi ma, in yana warin gumɗa an naɗe shi ne da danshi, kuma irin wannan rufinsa ya fara lalacewa.

Buhun barci kuwa, wanda ake shiga cikinsa a kwanta, ban ba ka shawarar haya ba. Abu ne da ke manne da jikin mutum, ga wuyar wanki. Bargo mara kauri da rigar sanyi da hular sanyi da safa sun ishe ka, amma fa kada ka raina sanyin bakin ruwa wajen ƙarfe huɗu na dare. Mun taɓa kwana a bakin wani dam a Janairu, sanyin ta ƙasa ya riƙa shigo mu, ba ta sama ba. Saboda haka shimfiɗa ta fi bargo muhimmanci. Katifar hurawa tana da daɗi, amma tsidau ɗaya ya ishe ta, kuma in ta haya ce kai za ka shiga rigimar biya. Ka nemi ta soso mai naɗewa, ka share wurin da tsintsiya, ka shimfiɗa buhu a ƙarƙashin tantin. Takalmi kuma a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Jakar cikin firam ce ba zan iya taimaka maka ba. Kowane keke da faɗin nasa, tawa ba za ta zauna a naka ba.

Maman Abba Mai Jaka

Malam, ita wannan ta cikin firam ɗin ai ba sai an yi haya ba. Jakar makaranta da ta islamiyya nake ɗinkawa a gida, na taɓa yi wa ƙanena irinta. Ka samu kwali ka manna a jikin keken, ka zana kusurwar da biro daga ɗaya gefen, ka yi alama a inda wayar birki da notin gorar ruwa suke, ka yanke ka kai wa duk mai ɗinkin jaka. Ka ce a yi da tamfol mai laushi, zif babba, maɗauri biyar ko shida. Faɗinta kada ya wuce yatsu huɗu, in ba haka ba gwiwarka za ta riƙa gogarta duk juyin feda. Ɗinki dai ba ya hana ruwa shiga ta ramin allura, amma a Disamba ƙura ce abokiyar faɗanka, waya da caja ka sa su a leda.

Almajirin Malam, Gwale

Ina so in ƙara abu biyu. Na farko, ku fayyace tun yanzu, haya ce ko aro, domin a fikihunmu na Malikiyya hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi hayar kaya amana ce a hannunsa, in suka lalace ba da sakacinsa ba babu biya a kansa. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa kuwa, irin tanti da jaka, in ya ɓata shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba laifinsa ba ne. Ku faɗi kwana nawa, nawa ne kuɗin in akwai, ku ɗauki hoton duk wani tabo kafin a miƙa. Zumunci da yawa a kan ƙaramin abu irin wannan yake tsinkewa.

Na biyu, kada ku kafa tanti a garin mutane ba ku yi sallama da masu gari ba. Ku isa da sauran rana, ku nemi mai unguwa ko dagaci, ku gabatar da kanku da katin shaida, ku ce a sanar da 'yan sintiri. Halin da ake ciki, baƙi uku da tocila a bayan gari da daddare abin tsoro ne ga kowa. Bakin dam ɗin ma akwai ma'aikata da masu gadi, a tambaye su inda aka yarda a kwana. Wataƙila ma a ce ku shigo zaure, in an ce haka ku karɓa.

Malamin Lissafi, Ɗorayi

Wallahi na rasa bakin godiya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba, in sha Allahu ranar Asabar za mu kawo muku kekunan duka uku. Ɗaya daga cikinmu tayarsa ta baya ta sha faci har ba a ƙirgawa, ku za ku gaya masa gaskiya, ni ya ƙi ji daga bakina.

Hajiya, na yanka kwalin jiya da daddare a tsakar gida, yarana suna riƙe mini fitila. Sai da na yi sau biyu, na farko na manta da wurin gorar ruwa. Yanzu na gane in jakar ta cike kusurwar duka babu inda gora za ta zauna, ga shi kowace lita kilo guda ce, ba na so ta koma bayana. Na yanke shawarar a yi ta rabi, ta sama kawai, gorar ta zauna a mazauninta, sauran ruwan mu riƙa saye a garuruwan da za mu ratsa.

Malam na Gwale, maganarku ta shige ni. Akwai wani abokin aikina mutumin Rano, na kira shi, ya ce zai yi wa yayansa magana ya kai mu wurin mai unguwa. Na Tiga ne ban samu kowa ba tukuna, in akwai wanda yake da ɗan'uwa a can ya taimaka.

Ɗan Hotoro, ƙanena, na karɓi tayinka da hannu biyu, amma haya nake so mu yi, ka faɗi abin da za a ba ka, mu rubuta. Zan zo ranar Lahadi bayan kun dawo daga hawa, mu kafa shi tare a ƙofar gidanku. Saura abu ɗaya: mu uku ne, tantin na mutum biyu. Na ukunmu ya ce shi gidan sauro zai ɗaura tsakanin kekuna biyu ya kwana a kan tabarma. Kai da ka taɓa kwana a bakin ruwa, raɓa ba za ta jiƙa shi ba? In za ta jiƙa shi, tamfol mai yadi nawa zan sa a yanko a Wambai mu yi masa rufi?