Muhawara: Shekara biyu ta isa a zama matuƙin jirgin fasinja?

Bashir: Assalamu alaikum. Makarantun koyon tuƙin jirgi suna talla wai wanda bai taɓa shiga ɗakin matuƙi ba, cikin shekara biyu zai zauna a kujerar jirgin fasinja. Ni dai na ce yaudara ce.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, ya danganta da ƙasar. A Turai mai yin kwas ɗin da aka haɗe komai wuri guda yana gamawa cikin wata 18 zuwa 24, da awa kusan 200 a sama, ya ci jarrabawar rubutu ta ATPL, wato babban lasisin tuƙin jirgin fasinja. Kamfani na iya ɗaukarsa mataimakin matuƙi, lasisin ya cika idan ya kai awa 1,500.

Bashir: Awa 200, a damƙa masa rayukan mutane? A Amurka ko saurarensa ba za a yi ba. Tun 2013 mataimaki ma sai da awa 1,500, in ban da rangwamen tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Dokar ta biyo bayan faɗuwar jirgin kamfanin Colgan kusa da birnin Buffalo a 2009, mutum 50 suka rasu.

Malam Sani: Bashir, matuƙan nan biyu duk sun haura awa 1,500 kafin hatsarin, kyaftin ɗin ma ya wuce 3,000. Gudun jirgin ya ragu, sandar tuƙi ta fara kaɗawa tana gargaɗi, shi kuma ya ja ta baya maimakon ya duƙar da hancin jirgin. Horo ne ya gaza a nan. Wanda ya tara awoyinsa yana zagaye fili ɗaya a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna, me ya sani game da jirgi mai injin jet?

Bashir: Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Yawancin masu tara awoyin nan koyar da tuƙi suke yi. Mutum ya shekara biyu ɗalibi na neman kifar da shi wajen sauka, yana karɓe sanda a daidai lokaci, yana duba hadari ya ce yau ba za mu tashi ba. Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ba ta koyar da wannan.

Hadiza: Abin da ke damuna shi ne abin da tallar ke ɓoyewa. Lasisi ba aiki ba ne. Akwai horon takamaiman jirgin da za ka tuƙa, Airbus A320 ko Boeing 737, kowanne da nasa. Akwai zaman jiran ɗauka, wanda a 2020 ya tsaya cak. Kuma kafin komai a fara zuwa gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, don kada a gama biyan makaranta likita ya ce ido ko zuciya ba su yarda ba.

Malam Sani: Kujerar kyaftin kuma sai an ƙara shekaru, a kamfanoni da yawa layi ake bi gwargwadon ranar da aka ɗauke ka. Ga shi a shekara 65 ake yin ritaya.

Bashir: To ai kun dawo kan maganata, Malam.

Hadiza: A'a Yaya. Kai ka ce ba ya yiwuwa. A Turai ana yi, kuma jiragensu na tashi lafiya.